Kwano Sittin da Bakwai

"Ba nan ba, Yaya Safara'u. Kwanon Gwadabe ne wannan, kin ɗora shi a kan Shu'aibu."

Na tsaya da kwanon a hannu ina harararsa. Ruwan da aka yi da safe ne ya zo da iska ya zubar masa da kwanuka huɗu, ni kuma daga kawo kunu sai ya maƙale mini wai in mayar da su. Yana zaune a kujerar katako a bakin kangon da ke bayan gidansa, ya ƙudundune cikin bargo ga rana tana dukan mutane, amma idon nan nasa babu abin da yake wuce shi.

"Haba Malam Ashafa, ƙarfe ai ƙarfe ne. Wa zai gane?"

"Ke za ki gane." Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa sannan ya ɗaga yatsa. "Yaushe Gwadabe ya taɓa kai kafaɗar Shu'aibu? Layi na uku, gajeriyar can."

Na tafi ina mita na ɗora shi inda ya ce. Abin haushin shi ne gaskiyarsa ce, kuma ni da bakina na gaya masa tsawon Gwadabe.

Bari in faɗi abin da ke cikin kangon nan, don wanda bai gani ba ba zai yarda babban mutum ya ɓata wata biyar a kansa ba. Sandunan rodi ne guda sittin da bakwai a kakkafe a ƙasa, layi-layi. Kowace an yi mata waldar zobe a ka, a kan zoben kuma kwanon abinci ne a zaune, tsoho, duk ya sha duka. Kowace sanda an yanke ta daidai tsawon mai kwanon.

Kwanukan kuwa daga wurina suka fito. Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da tuwo a bakin get ɗin wata masaƙa a Sharada, tun rasuwar maigidana. Yadda muke yi, in ma'aikaci zai shiga da safe sai ya ajiye mini kwanonsa, kafin a busa jiniyar sha biyu na zuba wa kowa nasa na jera a inuwa, don rabin awa kawai ake ba su. Ban yi boko ba, amma ban taɓa miƙa wa wani kwanon wani ba. Na san mai son miya ta yi iyo, na san wanda ba ya cin kuɓewa, na san wanda in ya ga ƙashi sai ya yi mini kirari.

Wata Laraba a shekarar tamanin da huɗu suka ajiye kwanukansu suka shiga kamar kullum. Kafin hantsi sai ga motar 'yan sanda. Aka liƙa takarda a get, wai babu kayan gyaran injin, an rage ma'aikata. Ta ƙofar baya aka fitar da su, aka hana kowa tsayawa a titin. Ni ko na zuba tuwo na jera, ina ta korar ƙuda har la'asar. Yawancinsu mutanen karkara ne, na Gaya da Ringim da Kazaure, wasu ma daga Nijar, su biyar su shida suke haɗa ɗakin haya. Kafin mako ya zagayo kowa ya kama hanyar garinsu, ba wanda ya sake son ganin get ɗin nan. Aka bar ni da buhu biyu na kwanuka a ƙarƙashin gado.

Malam Ashafa ma a masaƙar yake, shi ke zana musu furannin atamfa. Shi ba a kore shi ba, da kansa ya ajiye aikin bayan sati biyu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ɗan gidan malamai ne daga cikin birni, yayyensa in ba mai rawani ba to mai ofis. Shi kaɗai ya tafi Zariya ya karanto zane, ya dawo da ɗabi'ar tsintar abin da mutane suka yar. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai sake aure ba.

Shekara tara muna maƙwabtaka, na ga abubuwa. Akwai shekarar da ya yi ta kwaso gutsattsarin fata daga majemun Challawa, ya ɗinke su suka zama wani ƙaton labule da ya rufe katangarsa daga sama har ƙasa. Wari ya hana mu cin abinci a tsakar gida wata guda cur, har sai da na hau turmi na wanke shi tas ta kan katanga. Labulen nan shi wasu suka zo da mota suka naɗe suka kai Legas, aka ce har jarida ta buga hotonsa. Wata shekarar kuma ya rataye kwarkwaron zare fiye da dubu a zaurensa, in za ka shiga sai ka sunkuya suna taɓa maka kai. Bai taɓa ƙera fuska ba, ta mutum ko ta dabba, ya ce alkawari ya yi wa mahaifinsa. Duk da haka mai gumaka ake ce masa a unguwa in ya ba da baya, ni ma na sha faɗa.

Da ya ji labarin kwanukan sai ga shi ya yi sallama a ƙofata. "Yaya, aro nake so, ba kyauta ba," in ji shi.

Daga nan kullum da hantsi zai zo da alli. In ɗauki kwano in faɗi mai shi da garinsu, in nuna tsawonsa a jikin ƙyauren ɗakina, shi kuma ya ja layi ya auna. A gindin kowane kwano ya rubuta suna da gari da shuɗin fenti, da ajami da boko. Ina yi ina yi masa tsiya, amma gaskiya ɗaya ce, tun da aka watsa mutanen nan ban ji daɗin wani abu kamar wannan ba. Sai na riƙa jin kamar sun dawo cin abinci.

Da ya gama kafe sandunan sai ya bi direbobin manyan motoci a Dakata da tashoshi yana ba da saƙo: duk mai kwano ya zo ranar Juma'a ta biyu bayan Babbar Sallah, in an sauko daga masallaci, ya tsaya kusa da sandarsa, ya ɗauki kwanonsa da hannunsa ya tafi da shi gida.

"Sannan ka sayar wa 'yan Legas da sandunan?" na tambaye shi.

"Wannan ba na Legas ba ne, Yaya. Ranar da kwano na ƙarshe ya bar nan, aikin ya cika."

To ranar da na mayar masa da kwanukan nan huɗu, saura kwana tara Juma'ar ta zo. Ciwon ƙirji ya riga ya cinye shi, wuyansa ya zama kamar na ludayi. Na juya zan tafi sai ya kira ni.

"Yaya, in ban kai ba, ke za ki tsaya. Kada ki bari a taɓa ko ɗaya."

"Kai dai da baƙin baki. Sha kununka."

"Ki ce kin ji."

"Na ji, na ɗauka. Duk wanda ya taɓa sai na karya masa hannu da muciya."

Ya yi dariya har tarin ya dawo, ya ce to yanzu hankalinsa ya kwanta.

Ranar Asabar da hantsi ina dama kunun, ladanin masallacinmu ya shiga duba shi. Bai daɗe ba ya fito, ko takalminsa bai tsaya sawa ba, ya tsaya a ƙofata ya ce, "Safara'u, sai haƙuri. Maƙwabcinki ya cika." A kan kujerar nan ya same shi, fuskarsa tana kallon kangon. Na sauke tukunyar na zauna a ƙasa ina salati.

Kafin azahar danginsa sun iso daga birni, kafin la'asar an kai shi. Yayarsa Hajiya Zaituna, wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta ce a gidansa za a yi zaman makoki, ko gidan ya samu albarkar karatu. Tsohuwar shugabar makaranta ce, doguwa mai farin gilashi, irin matan da in suka kalle ka sai ka duba ko zanenka ya karkace. Matan birni suka cika tabarmi da ƙamshin turare, mu matan Sharada muka koma bakin murhu, da ma can ne wurinmu.

Washegari Hajiya ta zaga baya ta ga kangon. Ta daɗe a can. Da ta dawo ta zauna, sai ta ce a gaban kowa, "An ce akwai wata maƙwabciya da take taya shi wannan aikin. Wace ce?"

Wata daga cikin matan birni ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Allah ya shirya. A ce babbar mace da hankalinta?"

Matan unguwarmu duk suka sunkuyar da kai, don kowa ya sani. Ni da ake tsoron bakina tun daga get ɗin masaƙa har bakin titi, sai ga ni ina murza gefen zane.

"Ni dai kunu nake kawo masa, Hajiya," na ce.

Wanda ya wuce wannan ma yana tafe.

Ranar Litinin aka yi sadakar uku. Hajiya ta sa an dafa shinkafa manyan tukwane uku, ban da waina da gumba. Ta ce ba a gida kawai za a ci ba, sai an kai masallatai da tasha da bakin kamfanoni. Muka tattaro duk fanteka da langar da ke unguwar, suka ƙare, shinkafa ko rabi ba ta yi ba. Sai Uwani, maƙwabciyarmu ta gaba, ta ce ai ga kwanuka can a baya suna shan rana a banza.

Hajiya ta cire gilashinta ta goge ido. A lokacin na lura kuka take yi, ba tun yanzu ba.

"Bai bar ɗa ba, bai bar littafi ba," ta ce a hankali. "Sadakar nan kaɗai nake da ita da zan aika masa." Sannan ta juyo gare ni. "Ke da kike kusa da shi, kwanukan nan akwai masu su?"

Tambaya ta yi, ba umarni ba. Da na ce akwai, na tabbata da ta bari. Amma in na ce akwai, sai an ce yaya aka yi na sani, ga matar jiya mai dariya tana zaune tana kallona. Na ce wa zuciyata ai aro ne, kafin Juma'a sun dawo.

"Tsofaffi ne, Hajiya," na ce. "Amma in an wanke za su yi."

Ni na shiga kangon da kwando. Ni na sauke su ɗaya bayan ɗaya. Wata biyar suna shan ruwa da kashin tsuntsu, ni kuma ba a taɓa cewa abincin Safara'u ya fita a ƙazamin kwano ba, balle a gaban matan birni. Muka zauna da toka da yashi da soson waya. Shuɗin fentin nan bai yi gardama ba, goga biyu uku ya bi ruwa. Kuma kada wani ya ce ban san abin da nake yi ba. Duk wanda na ɗauka na san mai shi, har muryarsa nake ji yana cewa a ƙara miya, ina ji ina gogewa. Hajiya ta wuce ta ga suna ƙyalli a rana ta ce, "Kai, wannan baiwar Allah akwai tsabta." Na ji daɗin yabon, wannan ma sai na faɗa.

Kafin la'asar kwano sittin da bakwai sun fita cike da shinkafa, wasu a kan kekuna, wasu a bayan a-kori-kura.

Kwano mai kyau shi ake mayarwa. Tsohon kwano mara suna da ya zo da sadaka, wa zai ɗauko shi ya nemi gidan da ya fito? Talata da Laraba da Alhamis na yi su a kan ƙafa. Na bi masallatan Sharada, na je tasha, na je har bakin majemun Challawa ina tambaya kamar mahaukaciya. Na samu ɗaya wurin mai shayi yana ɗauraye kofuna a ciki, na samu wani an zuba wa kaji ruwa. Wani mai gadi ya ce, "Inna, duk wahalar nan a kan tsohon kwano? Zo in ba ki sabo." Guda tara na samo. Na mayar da su kan sandunansu, sai wurin ya fi muni, kamar bakin da haƙora suka zube.

Juma'ar ta zo daidai da addu'ar bakwai. Ana saukowa daga masallaci masu kwanukan suka fara isowa, da ƙura a ƙafa, wasu da 'yar jaka a kafaɗa. Sun kai mutum arba'in. A ƙofar gida suka ji rasuwar, suka zauna aka yi addu'a da su. Sun rame, noma ya dafa su, amma ban kasa gane ko ɗaya ba. Suna hango ni suka hau murna, "Inna mai tuwo! Kina nan?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Bayan an shafa fatiha, Shu'aibu ya ce to a nuna musu abin da marigayi ya kira su gani. Na wuce gaba suka biyo ni. Hajiya ma ta taso ta tsaya a bakin kangon, don ba ta gane su wane ne waɗannan ba.

Suka shiga suka yi cirko-cirko a tsakanin sandunan. Nan na buɗe baki na faɗi komai: yadda aka auna su, da sunayen da ya rubuta, da amanar da ya ba ni a kan kujerar can, da abin da na yi ranar Litinin. Ban sa sunan Uwani ba, ban sa na Hajiya ba, don ba su aka ba amana ba.

"Me ya hana ki gaya mini?" in ji Hajiya daga bayana. Muryarta ba ta faɗa ba ce, shi ya sa ta fi zafi. "Na tambaye ki fa. Sau biyu na tambaye ki."



Mutum tara suka ɗauki nasu. Sauran suka ce ba komai, kwano ne, Allah ya kai ladan kabarinsa. Wani ma har da zolayata wai da ma nasa yana yoyo. Na so a ce zagina suka yi.

Sun fara fita sai na lura da wani tsoho a gefe da ban san shi ba, siriri, da rawani mai datti da sandar makiyaya. Ya jira har wurin ya yi sauƙi sannan ya matso.

"Baiwar Allah, ke ce mai tuwon?"

"Ni ce, Baba."

"Daga Magarya nike. Kwana biyu muna hanya. Ni ne uban Uwaisu." Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Bayan ya komo gida da wata biyu zazzaɓi ya ɗauke shi. Wani direba ya ce mana an ce ya zo ya amshi kwanonsa. Uwarsa ta ce in zo in amso mata, ko shi ta riƙa gani."

Uwaisu. Dogon yaro mai kunya, wanda ba ya fara ci sai ya tambaya ko na ci. Kwanonsa kore ne, bakinsa ya ɗan lotse ta gefe guda. Na tuna sarai, ni na goge shi, ni na cika shi, na miƙa wa mai keken da ya tafi tasha.

"Baba, babu shi," na ce. "Ni na ɓatar."

Ya kalle ni, ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa an fasa ruwa yau.

"To," ya ce. "An ce akwai ƙarfen da aka yanka daidai shi. Nuna mini."

Na kai shi layin ƙarshe, ta wajen katanga. Sandar ta fi shi tsawo nesa. Ya ɗaga kai ya dube ta tun daga ƙasa har sama, ya jingine tasa sandar a jikin katanga. Sannan ya yi ɗage, ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a kan zoben, ya bar shi a nan. A waje ana ta naɗe tabarmi, shi kuwa bai sauke hannun ba.